Raymond Ahlquist: Masanin da ya share fagen magungunan zuciya

Miliyoyin masu fama da hawan jini da ciwon zuciya suna shan propranolol ko atenolol a kullum, amma kaɗan ne suka san sunan Raymond Ahlquist, wanda a kan bincikensa aka gina waɗannan magunguna.

An haife shi a shekarar 1914 a garin Missoula na jihar Montana a Amurka. Ya karanci ilimin magunguna a Jami'ar Washington da ke Seattle, inda ya sami digirin digirgir a 1940. A 1944 ya koma Kwalejin Likitanci ta Georgia da ke Augusta, kuma a can ya yi sauran aikinsa.

A wancan zamani wani al'amari ya ɗaure wa masana kai. Sinadaran adirenalin da noradirenalin, waɗanda jiki ke saki idan mutum ya firgita, sukan matse wasu hanyoyin jini, adirenalin kuma ya sassauta wasu. Manyan masana sun ɗauka cewa jijiyoyi na fitar da saƙo iri biyu ne.

Ahlquist ya gwada sinadarai shida masu dangantaka da juna a gaɓoɓin dabbobi, ya jera su bisa ƙarfin aikinsu. Sai ya ga jerin ya kasu gida biyu. Daga nan ya fahimci cewa bambancin yana ga makarɓan saƙon da ke jikin ƙwayoyin halitta, waɗanda ya raba biyu: alfa da beta. Makarɓan alfa su ke matse hanyoyin jini, na beta kuwa su ke ƙara bugun zuciya, su buɗe hanyoyin numfashi.

Mujallar farko da ya aika wa rahoton ta ƙi buga shi. Wata ce ta wallafa shi a 1948, kuma ya yi kusan shekara goma ba a kula da shi sosai ba. Daga bisani James Black ya ɗauki wannan fahimta a Birtaniya, ya samar da propranolol, wanda ke toshe makarɓan beta domin rage wa zuciya nauyi. Maganin asma na salbutamol kuwa zaburar da wani rukuni nasu yake yi, numfashi ya buɗe.

A 1976 aka ba Ahlquist da Black lambar yabo ta Lasker tare. Ahlquist ya rasu a Augusta a 1983, shekara biyar kafin Black ya karɓi kyautar Nobel.