Nana Asma'u ƴar Shehu: Malamar da ta naɗa wa mata rawani

A yau filin namu na tarihin magabata zai leƙa Sakkwato ne, domin waiwayar rayuwar Nana Asma'u, ɗiyar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta bar duniya sama da shekara 150 da suka wuce, amma har gobe sunanta ake fara kira duk inda ake zancen ilimin mata a ƙasar Hausa. Galibi an fi saninta da waƙoƙi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda ta zaɓi mata daga ƙauyuka, ta horar da su, sannan ta damƙa musu shugabancin karatu a hannunsu.

An haife ta a Ɗegel cikin ƙasar Gobir a wajejen shekarar 1793. Mahaifin nata kuwa a Maratta aka haife shi, garin da a yau yake cikin jihar Tawa ta Nijar, kuma har Agadas ya je neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada Husaina ya kamata a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u. Ta tashi a gidan da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi, domin Shehu da kansa ya yi kakkausar suka a rubuce-rubucensa ga malaman da ke tara ɗalibai a zaure alhali matansu da ɗiyansu na cikin gida ba su san ko hukuncin alwala ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta kuma iya Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, daga nan yaƙi ya ɓarke. Ta ga yunwa da gudun dare, ta ga mutuwar dangi, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. A cikin wannan tsakani aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Shi ne ya sauki Baturen Ingila Kilafatan sa'ilin da ya zo Sakkwato a 1824.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Nana na cikin waɗanda suka tsaya kan tattara littattafansa da adana su. Bello, wanda ya zama Sarkin Musulmi, yana girmama iliminta ƙwarai, har ma ta mayar da wani littafinsa kan salihan mata zuwa waƙa. Ta yi musayar baitoci da malami baƙo daga ƙasar Muritaniya. Abin da ya tsira daga rubuce-rubucenta ya kai kimanin 60.

To amma ga matsalar da ta tarar. Yaƙi ya ƙare, an kafa garuruwa da ribaɗi irin su Wurno, sai dai ƙauyuka cike suke da matan da ba su taɓa riƙe allo ba, da yawansu zawarawa ne ko waɗanda aka kamo a yaƙi. Abin da suka sani suka kuma dogara da shi wajen ciwo da baƙin ciki shi ne bori. Mutumin Kurfai ko na Arewa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan irin ƙarfin da bori yake da shi a zukatan mata. A Gobir shugabar wannan harka ita ce Inna, ƴar gidan sarauta mai faɗa a ji, wadda ake gane ta da malafa a ka.

Nana ba za ta iya zaga waɗannan ƙauyuka ita kaɗai ba, matan aure masu goyo kuma ba za su iya baro gidajensu su zo Sakkwato ba. Saboda haka daga wajejen shekarun 1830 ta fito da tsarin da aka sani da Ƴan Taru. A kowane gari ana samun mace dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda jama'a suka yarda da ita, a ba ta muƙamin jaji. Kalmar kanta daga fatake aka aro ta, wato mai jan ayari. Jaji ce ke tattaro ɗalibai, ƴan matan da ba su kai aure ba da tsofaffin da suka wuce haihuwa, ta jagorance su a ƙasa har gidan Nana. Su kan zo da ɗan abin sadaka kamar hatsi da zuma da man shanu da ƙyalle, Nana kuma ta rarraba wa mabukata. Su zauna su ɗauki karatu, sannan su koma gida su karantar da waɗanda ba su samu zuwa ba.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne naɗin. Nana da hannunta take ɗora wa jaji malafa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Malafar nan dai ita ce ta Inna, wadda matan karkara suka saba rusuna wa. Nana ta bar musu alamar da suka sani, ta sauya mata ma'ana. Duk wanda ya hangi ayarin mata a hanya da mai malafa a gaba ya san ƴan makarantar ɗiyar Shehu ne, babu mai tare su. Da ta ga dama da ta karantar da su kawai ta sallame su. Ta fahimci cewa macen da za ta koma ƙauye ta tsaya gaban jama'a, har da gaban mazajen ɗalibanta, tana bukatar shaidar da ido ke gani cewa wata babba ce ta ɗora ta.

Kayan koyarwar ma ta tsara su daidai da masu ɗauka. Da yake yawancinsu ba su iya karatu ba, sai ta zuba darussan cikin waƙa da Hausa da Fulatanci, yadda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani baki ɗaya cikin baitoci kaɗan, akwai ta tarihin Annabi (SAW), akwai ta tarihin jihadi, akwai kuma masu bayanin salla da azumi da zaman aure da haƙƙin maƙwabci. Ta kuma fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Jaji ba ta tsaya ga karantarwa ba, ita ke sasanta rikici tsakanin mata, ta duba marasa lafiya, ta shirya wankan gawa. Da wata jaji mai suna Hawwa'u ta rasu, Nana ta yi mata marsiyya, kamar yadda ta yi wa Bello da mijinta Giɗaɗo.

Duk wannan aiki ba da kuɗin baitulmali aka yi shi ba, kuma babu wani gini da aka kira makaranta in ban da ɗakinta. A yau daga Filinge har Yamai makarantu masu zaman kansu da madarasoshi sai ƙaruwa suke yi, kuma mata ne ke cika azuzuwan ƙananan yara da koyarwa. Amma idan aka zo kujerar darakta, sau da yawa mai makaranta ɗan'uwansa namiji yake nema, ko da kuwa akwai malamar da ta shekara goma tana riƙe da komai a bayan fage. A ganina masu makarantun nan ya kamata su tambayi kansu mace nawa suka taɓa zaunarwa suka koya wa lissafin kuɗin makaranta da hulɗa da iyaye, sannan suka gabatar da ita a gaban kowa a matsayin shugaba.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Tun tana raye ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a wazirci, kuma a gidan nasu aka adana takardunta har zuwa zamanin Waziri Junaidu, wanda ya buɗe su ga Baturiya Jean Boyd, ita kuma ta wallafa tarihin Nana a 1989. Ƴan Taru kuwa ba su watse ba. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi ragamar, bayanta kuma Ta Modi ta ɗora, aka ci gaba da naɗa jajoji har bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Allah Ya jiƙanta da rahama.