Arthur Lovejoy: Malamin da Ya Nema wa Malamai Bakin Magana

A wannan ɗan rubutu ina so in gabatar wa 'yan uwana ɗalibai tarihin wani malamin falsafa na Amurka, wanda ya yi fafutukar ganin an sa malamai cikin tafiyar da manyan makarantu.

An haifi Arthur Lovejoy a birnin Balin na ƙasar Jamus a shekarar 1873. Mahaifinsa Ba'amurke ne, mahaifiyarsa kuma Bajamushiya, ta rasu tun yana jariri. Ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ta Harvard, sannan ya fara koyarwa a Jami'ar Stanford a 1899.

A wancan zamani malamin jami'a tamkar ɗan ƙwadago yake a hannun masu makaranta. A 1900 aka tilasta wa Farfesa Edward Ross barin Stanford, saboda Jane Stanford, matar da ta kafa jami'ar tare da mijinta, ba ta ji daɗin ra'ayoyinsa na siyasa ba. Lovejoy ya ga cewa idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai ya ajiye aikinsa a 1901 don nuna rashin amincewa. A 1910 ya koma Jami'ar Johns Hopkins, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1938.

A 1915 shi da John Dewey suka jagoranci kafa ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka, wato AAUP. Dewey ya zama shugaba, Lovejoy sakatare. A wannan shekarar malamai 17 suka yi murabus daga Jami'ar Utah bayan an sallami wasu abokan aikinsu, Lovejoy ya tafi can da kansa ya yi bincike. Matsayin ƙungiyar shi ne kada a kori malami sai 'yan uwansa malamai sun saurari ƙararsa.

Sai dai yana da nasa rauni. Lokacin yaƙin duniya na farko ya goyi bayan taƙaita 'yancin malaman da ke adawa da yaƙin, daga baya kuma ya ce bai dace 'yan kwaminisanci su koyar ba. Ni a ganina wannan ya saɓa wa abin da ya tsaya a kai tun farko.

Ya rasu a Baltimore a 1962. Shekara huɗu bayan haka, a 1966, ƙungiyarsa da wasu ƙungiyoyi biyu suka fitar da sanarwar da ta ɗora wa malamai alhakin manhaja da hanyoyin koyarwa. Wannan tunani ya isa har kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu: a 1988 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ƙarfafa majalisun malamansu. Da yawa daga cikinmu koyarwa za mu yi, don haka ya kamata mu san yadda aka samo wannan 'yanci.