Coulomb: Injiniyan Da Ya Auna Gogayya, Aka Ɗaure Shi Kan Rahoton Kwangila

A watan Nuwamban 1783, hukumomin Faransa suka tsare wani hafsan soja a kurkuku har tsawon mako guda. Kafin haka an sa shi cikin kwamitin da zai duba shirin haƙa hanyoyin ruwa da gyaran tashoshin jiragen ruwa a lardin Bretagne, ya kuma rubuta rahoton da ya soki shirin. Rahoton bai yi wa masu faɗa a ji daɗi ba, sai laifin ya faɗa kansa. Sunan hafsan Charles-Augustin de Coulomb, wanda har yau ɗaliban fiziks ke aiki da dokokinsa a jarrabawar WAEC da ta JAMB.

An haifi Coulomb ranar 14 ga Yunin 1736 a garin Angoulême. Ya yi karatu a Paris, amma dukiyar mahaifinsa ta salwanta a harkar kasuwanci, don haka dole ya nemi sana'ar da za ta riƙe shi. A 1760 ya shiga makarantar injiniyoyin soja ta Mézières, ya kammala a 1761.

A 1764 aka tura shi Martinique, tsibirin da ke Karibiyan wanda arzikinsa ya dogara da rake da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. Birtaniya ta ƙwace tsibirin a 1762, ta mayar wa Faransa a 1763, shi ya sa Faransa ta ƙudiri aniyar gina masa ƙaƙƙarfan sansani mai suna Fort Bourbon. Coulomb ya shafe shekara takwas yana jagorantar ginin. Ya koma gida a 1772 da rashin lafiyar da ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, da kuma tambayar da ta tsaya masa a rai: mene ne ke hana ƙasa da dutse zamewa, kuma yaushe suke zamewa?

Ya sami damar bin diddigin tambayar a 1779, da aka tura shi Rochefort, inda ake ƙera jiragen ruwan yaƙi. Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta sa gasa kan gogayya, wato turjiyar da ke tasowa idan abu ya gogi wani, domin rundunar ruwa na asarar ƙarfi mai yawa wajen jan igiyoyi da tura sababbin jirage zuwa cikin teku. Coulomb ya riƙa jan katako a kan katako da ƙarfe a kan katako, a bushe da kuma bayan an shafa kitse, yana sauya nauyin kaya yana rubuta sakamako.

Ya tabbatar da abin da Guillaume Amontons ya bayyana tun 1699: gogayya na ƙaruwa daidai da nauyin da ke danne abu, kuma faɗin wurin da abubuwan biyu suka haɗu bai cika tasiri ba. Ya kuma nuna cewa tayar da abu daga tsaye ya fi ci gaba da jansa wuya, sannan da zarar ya fara zamewa, gogayyar ba ta sauyawa sosai da saurin tafiya. Wannan aiki ya ba shi babbar lambar yabo ta cibiyar a 1781, aka kuma zaɓe shi mamba a shekarar.

Amfanin binciken ya fi fitowa a kan kwalta. Motar da ke gudu ba ta da abin tsayar da ita sai gogayyar taya da hanya. Tunda wannan ƙarfi kusan ɗaya yake komai saurin motar, nisan da za ta ci kafin ta tsaya yana bin saurinta ne idan an ninka shi da kansa. Idan aka ɗauki ma'aunin gogayya na 0.7, kamar yadda littattafan makaranta kan yi wa busasshiyar kwalta, motar da ke gudun kilomita 50 cikin sa'a za ta tsaya bayan kimanin mita 14 da taka birki. Mai gudun kilomita 100 kuwa sai ta ci kimanin mita 56, wato ninki huɗu, ban da nisan da ta ci kafin ƙafar direba ta kai kan birkin. Idan ruwan sama ya jiƙa hanyar, ma'aunin ya ragu, nisan ya ƙaru.

Shekara biyu kacal bayan lambar yabon ne aka tsare shi kan rahoton Bretagne. Ɗaurin bai karya shi ba. A 1784 aka ɗora masa kula da ruwan fadojin sarki da wani ɓangare na ruwan Paris. A 1785 ya yi amfani da wani ma'auni mai siririyar waya ya nuna cewa ƙarfin da ke tsakanin abubuwa biyu masu cajin lantarki yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu idan tazararsu ta ninka biyu. Saboda haka ne ma'aunin cajin lantarki ke ɗauke da sunansa.

Juyin juya halin 1789 ya rushe duniyar da ya saba da ita. Ya ajiye aikin soja a 1791, aka rufe Cibiyar Kimiyya a 1793, ya koma kusa da garin Blois ya ci gaba da bincikensa. Ya dawo Paris a 1795, kuma a 1802 gwamnatin Napoleon ta naɗa shi babban sufeton ilimi, ya zagaya ƙasar yana taimakawa wajen kafa makarantun sakandare na gwamnati.

Ya rasu a Paris ranar 23 ga Agustan 1806, yana da shekara 70. Sunansa na cikin sunayen masana 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel. Ya yi wa sarki aiki, ya yi wa Napoleon, kuma ko a sa'ad da masu iko ke jiran ya sa hannu kawai, abin da ya gani ya auna shi ne ya rubuta.