SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO, MAI KAFA GARURUWA

In an ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, abin da ya kan fara zuwa a zukatan mutane shi ne yaƙi da rubuce-rubuce. Ɗalibai sun san shi da littafin Infaƙul Maisuri wanda ya gama cikin 1812, masu bin tarihin jihadi kuwa sun san shi da cin Alkalawa. Amma akwai wani fanni na rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba, watau kafa garuruwa da tsara su, alhali kuwa bai rabu da wannan aiki ba tun yana da ƙuruciya har ya koma ga Mahaliccinsa.

An haife shi cikin 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗegel, ya yi karatu wurin mahaifinsa da kuma wurin baffansa Malam Abdullahi. Ɗegel ba birni ba ce, zango ne na malamai da almajirai, ba ganuwa ba ƙofa. Da aka yi hijira zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804, Bello yana da shekara wajen ashirin da uku. Shekarun da suka biyo baya na ƙaura ne da yunwa. Bayan asarar da aka yi a Tsuntsuwa jama'a ta koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara cikin 1805, daga nan ta wuce Gwandu. Wanda ya ga haka da idonsa ba sai an gaya masa ba cewa jama'ar da ba ta da matsuguni ba ta iya ajiye hatsi, ba ta iya zaunar da makaranta.

A wannan lokaci ne ya yi aikin da ya shafi ƙasar Gusau da Tsafe. Akwai tsohon gari na malamai mai suna 'Yandoto, tsakanin Gusau da Tsafe na yanzu, wanda ya shahara da ilmi tun kafin jihadi. Malamansa ba su karɓi kiran Shehu ba. Bisa ga abin da Bello ya rubuta da kansa, da ya iso kusa da garin wajen 1806 sai ya aika musu cewa su fito a zauna a yi muƙabala, wanda hujjarsa ta rinjaya a bi shi. Suka ƙi. Sa'an nan aka yi yaƙi, garin ya watse. Labarin dai daga alƙalamin wanda ya ci nasara ya fito, mai karatu sai ya riƙe wannan a ransa. Bayan watsewar 'Yandoto ne Gusau ta ɗaukaka a hannun Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu. Har yanzu sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce da shi, domin yankin ƙasar Katsina ne a da, sarkin Tsafe yana riƙe da sunan 'Yandoto, na Bunguɗu kuwa Sarkin Fulani.

Alkalawa ta faɗi cikin 1808. Shekara guda bayan haka, cikin 1809, Bello ya fara gina Sakkwato. Ya zaɓi tudu kusa da inda Gulbin Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ga ruwa ga fadama, ga shi kuma wurin yana tsakanin Gobir da Kabi, ƙasashe biyu da ake tsoron harinsu. Shehu yana Sifawa a lokacin, bai komo Sakkwato ba sai cikin 1815, aka faɗaɗa garin ta yamma domin shi da jama'arsa, da masallacinsu. Wannan ne ya sa har yau akwai Masallacin Shehu da Masallacin Bello. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo cikin 1824, ya rubuta cewa bai ga gari mai yawan jama'a kamarsa ba a cikin ƙasashen da ya ratsa, ya kuma lura cewa gidajen a jere suke bisa hanyoyi tsararru, ba a warwatse ba kamar na waɗansu birane. Ya ambaci ganuwa mai ƙofa goma sha biyu da ake rufewa da faɗuwar rana, da kasuwa a tsakiyar gari, da fili a ƙofar fada.

To, wa ke yanke shawarar inda hanya za ta bi? Ba ofishin safiyo, ba taswira a takarda. Babban mutum ne ake nuna wa wuri, ya sauka da danginsa da barorinsa da masu sana'ar da ke bin sa, su ne za su raba filin a tsakaninsu, su bar lungu su bar dandali. Sunayen Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo suna tuna wa mutane manyan da aka kafa garin da su. Abin da ya tsare talaka daga son zuciyar mai ƙarfi shi ne shari'a. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake hukunci da shi, in an yi jayayya a kan faɗin hanya zira'i bakwai ake bari. Ba wanda ke da ikon cin hanyar jama'a da katanga, ko ya buɗe taga mai leƙa gidan maƙwabci, ko ya sa indararonsa ya riƙa zuba a garun wani, ko ya kafa sana'a mai hayaƙi da wari inda za ta cuci mazauna. Wanda aka cuta yana iya zuwa gaban alƙali ko da shi ba kowa ba ne. Malam Abdullahi ya yi littafi a kan mallakar ƙasa da hurumin gari da na rijiya, a ƙarshen zamanin Bello kuma Alƙalin Gwandu, Idirisu ɗan Halidu, ya tattara hukunce-hukuncen da alƙalai suka fi bukata, har da na gini da maƙwabtaka.

Wannan ba taron jin ra'ayin jama'a ba ne irin wanda ake kira yanzu kafin a fitar da sabuwar unguwa. Duk da haka yana da wata fa'ida da ya kamata ma'aikatan filaye su duba: mazauna lungu ne ke tsaron lungunsu, ba sa jiran wani ya zo daga hedkwata. Gusau ta bunƙasa bayan da jirgin ƙasa ya iso ta, ta ƙara bunƙasa da ta zama babban birnin Jihar Zamfara cikin 1996. Tun daga dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ikon filayen birni ya koma hannun gwamna. Mai unguwa da maƙwabci, waɗanda su ne suka san inda ruwa ke kwanciya da damina da inda yara ke wasa, sau da yawa sai bayan an kafa duwatsun iyaka suke jin labari.

Shehu ya rasu cikin watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Farkon mulkinsa bai zo da sauƙi ba, gama Abdussalami ya yi tawaye a Kware, waɗansu ƙasashe kuma suka juya baya. Ra'ayinsa game da aikin mai mulki yana nan a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A ciki ya nuna cewa wajibi ne sarki ya zauna da malamai ya riƙa neman shawararsu. Ya ɗora masa nauyin gina ganuwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya rarraba su yadda kowane gari zai sami nasa. Ya kuma ce a kwaɗaitar da mutane ajiye abinci.

Abin da ya faɗa wa wani shi ya aikata a ƙasarsa. Ya kafa ribaɗoɗi, watau garuruwa masu ganuwa a kan iyaka, kamar su Gandi da Lajinge da Shinaka, ya sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa su riƙe waɗansu. Ya yi ƙoƙarin zaunar da Fulani makiyaya, yana ba su ƙasa, yana tura musu malamai da alƙalai, har ya rubuta wa shugaban Buzaye Muhammadu Jailani yana ba shi shawarar ya yi wa mutanensa haka. Ba kowane makiyayi ne ya so rabuwa da daji ba. Kuma gaskiya ita ce da yawa daga cikin waɗanda suka ɗebo ƙasar ganuwa, suka noma gonakin ribaɗi, bayi ne da aka kamo a yaƙi, waɗanda ba a tambaye su inda suke so su zauna ba. Shawarar zamanin tana da iyaka, manya da malamai ta fi shafa.

Mafi girman ribaɗoɗin nan ita ce Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato, a bakin Gulbin Rima. Can ya mai da zamansa a shekarunsa na ƙarshe, yana fuskantar Gobir, yana koyarwa, yana rubutu a kan mulki da tarihi da likitanci, har da maganin ciwon ido. Cikin 1836 ya fita da kansa ya karya taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye a Gawakuke.

Ciwon ajali ya same shi a Wurno cikin 1837. Bai naɗa wa kansa magaji ba, ya bar wa manyan jama'a su zaɓa, suka zaɓi ɗan'uwansa Abubakar Atiku. Ya rasu cikin watan Oktoba na wannan shekara yana da shekara wajen hamsin da shida, aka binne shi a Wurno, inda ake ziyartar hubbarensa har yanzu. Allah ya jiƙansa, amin.