Labarin Samuel Pepys, Magatakardan Jiragen Yaƙin Ingila

An haifi Samuel Pepys a birnin Landan cikin shekara ta 1633. Ubansa tela ne, ba mai dukiya ba. A zamanin nan ba a shiga aikin Sarki ta wurin jarrabawa, sai ta ƙofar uban ɗaki. Shi kuwa yana da ɗan'uwa babba, Edward Montagu, wanda ya sama masa magatakardancin ofishin jiragen ruwa na yaƙi cikin 1660, sa'an da Sarki Charles na Biyu ya komo gadon sarauta.

Da ya shiga bai san kome na sha'anin jirgi ba, lissafi ma bai ƙware ba. Amma bai dogara ga alfarmar da ta kai shi ba. Cikin 1662 ya ƙasƙantar da kansa, ya sa wani ma'aikacin jirgi ya koya masa lissafi. Yakan yi sammako, ya tafi ma'aikata, ya bincika kuɗin katako da igiya domin kada 'yan kasuwa su cuci Sarki. Da annoba ta faɗa wa Landan cikin 1665, manya da yawa suka gudu, shi kuwa ya tsaya bisa aikinsa.

Cikin 1673 ya zama babban magatakarda na dukan rundunar jiragen. Sa'an nan ya yi abin da ya fi dawwama cikin ayyukansa: cikin 1677 ya sa aka kafa doka, ko ɗan wane ne mutum ba za a naɗa shi ƙaramin hafsan jirgi ba sai ya yi shekara 3 a teku, ya kuma ci jarrabawa. Cikin 1679 maƙiya suka yi masa ƙazafi wai yana sayar wa Faransa asirin ƙasa, aka kulle shi a kurkuku, amma ba a sami shaida ba, aka sake shi. Ya bar aiki cikin 1689, ya rasu cikin 1703.

Duk da haka akwai abin da mutanen zamaninsa ba su sani ba. Daga 1660 zuwa 1669 yakan rubuta al'amuransa na yau da kullum cikin rubutu mai wuyar karantawa. Cikin 1825 aka fara buga littafin, daga bisani aka buga shi duka. Sai ga shi ya rubuta da hannunsa yadda ya ci amanar matarsa, da yadda ya karɓi toshi, har da zinariya 40 da wani mai sayar da katako ya naɗe cikin safar hannu ya ba shi.

Ya kai mai karatu, ka yi koyi da himmarsa, gama ƙofar da wani ya buɗe maka, aikinka ne kaɗai zai zaunar da kai cikinta. Amma ka ji tsoron abin da kake yi a ɓoye. Rana ba ta ƙarya, ko da bayan shekara ɗari ne.