Lewis Hine, malamin da ya riƙa auna yara da maɓallan rigarsa

A watan Nuwamban 1908, cikin wata masaƙar auduga ta garin Lancaster a jihar Karolina ta Kudu, a Amurka, wani baƙo ya kafa kyamararsa a gaban wata yarinya da ke kula da injin kaɗa zare. Tsayinta mita ɗaya ne da santimita 22. An san haka har yau don baƙon, Lewis Hine, ya rubuta shi tare da hoton.

An haifi Hine ranar 26 ga Satumban 1874 a Oshkosh, jihar Wisconsin. Yana saurayi mahaifinsa ya rasu a wani haɗari, dole ya shiga aiki a masana'antar kujeru don ya tallafi gida. Daga baya ya karanta ilimin zamantakewa, ya zama malamin makaranta a New York. A 1904 ya fara zuwa tsibirin Ellis, inda jiragen ruwa ke sauke masu ƙaura daga Turai, yana ɗaukar fuskokinsu.

A 1908 ya bar aji, ya zama mai ɗaukar hoto na kwamitin ƙasa mai yaƙi da sa yara aikin ƙarfi. Ƙidayar 1900 ta nuna yara sama da miliyan ɗaya da dubu 700, ƴan shekara 10 zuwa 15, suna aikin neman kuɗi a ƙasar. Alƙaluman suna nan a takarda, amma ba su hana kowa barci ba.

Masu masana'antu ba sa son ganinsa. Sai ya riƙa shiga da sunan jami'in binciken gobara, ko mai tallar Baibul, ko wanda ya zo ɗaukar hoton injuna. Ya san tsayin kowane maɓallin rigarsa daga ƙasa, don haka da yaro ya tsaya kusa da shi ya auna shi ba tare da shugaban ma'aikata ya farga ba. Amsoshin yaran kuwa, hannu cikin aljihu yake rubuta su. In an hana shi shiga, sai ya jira a bakin ƙofa da asuba, ko ya bi tituna da dare wurin yara masu tallar jarida.

A nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Yakan sa kyamarar daidai idon yaron, yaron kuma ya dube ta kai tsaye, wani da murmushi, wani da taba a baki kamar babba. Bai nuna su a matsayin mabarata ba. Ƙarƙashin hoton sai ya sa suna, shekaru, awowin aiki da abin da ake biya, don ya san za a ce hoton bogi ne, kuma hoton da ba shi da bayani ba zai tsaya shaida a gaban ƴan majalisa ba.

Doka ta yi nawa. Wadda aka kafa a 1916 Kotun Ƙoli ta soke ta a 1918, sai a 1938 aka samu dokar tarayya da ta zauna.

Kafin nan Hine ya yi wa ƙungiyar Red Cross aiki a Turai, ya kuma ɗauki hotunan magina benen Empire State a 1930, wani lokaci yana rataye cikin kwando a sama da titi. Daga nan aiki ya yi masa wuya, har ya rasa gidansa. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamban 1940 a Dobbs Ferry, yana da shekara 66, hannunsa babu komai. Hotunansa na yaran, sama da 5,000, suna ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka tare da bayanan da ya rubuta.