Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata da Asalin Sunan Gidansa

Jama'a, duk wanda ya san Kano ya san sunan Ɗantata, amma ba kowa ne ya san inda sunan ya samo asali ba. Mafi yawan manyan gidaje ana kiransu da sunan kakansu, ko sarautarsu, ko garin da suka fito. Shi kuwa wannan gida sunan wata tsohuwa yake ɗauke da shi, wadda ba ta da dukiya ba ta da sarauta, sai dai an ba ta amanar marayu ta riƙe.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a cikin shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne daga cikin Agalawa, mutanen da suka shahara da fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Bebeji a wancan zamani zango ce a kan hanyar fatake, saboda haka yaron ya buɗe ido ya ga ayari na sauka, ayari na tashi.

Alhassan bai kai shekara goma ba Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Bayan an raba gado sai mahaifiyarsa ta tafi Ankara, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Ita ce ta ci gaba da renonsu, Alhassan yana zuwa makarantar allo yana kuma 'yan saye da sayarwa don abin da aka ba shi na gado bai daɗe ba. A hannunta ya koyi tattali da ajiya a asusu. Mutanen gari suka riƙa ce masa ɗan Tata, har laƙabin ya bi shi ya zama sunan zuriyarsa.

Da ya tasa sai ya bi ayarin Gwanja don ya gano mahaifiyarsa, ya ɗauki 'yan kaya yana sayarwa a hanya. Ba a daɗe da wannan ba Basasar Kano ta tashi a 1893, ta lalata garuruwa da kasuwanni. Alhassan yana cikin waɗanda aka kama a wannan fitina, sai da aka biya fansa ya sami kansa. Wannan bai karya masa zuciya ba, ya sake ɗaura ɗamara ya koma fatauci.

Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne saurin gane sauyin zamani. Iyaye da kakanni sun saba ɗora goro a kan jakuna, a yi watanni ana tafiya cikin daji. Shi kuwa ya lura jirgin ruwa yana kai kaya daga gaɓar tekun Gana zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, goron bai bushe ba, sai ya kama wannan hanya. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa ido rufe, ya dawo gida ya zauna a unguwar Sarari cikin birni. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa.

Dabararsa ita ce yarda da mutane. Yakan ba wa yaransa jari tun kafin kaka, su bazu ƙauyuka su sayo gyaɗa a hannun manoma, kowa ya dawo ya yi lissafi ya ɗauki rabonsa. Da haka mutane da yawa suka tsaya da ƙafafunsu a ƙarƙashinsa. Zuwa 1922 ya zarce manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo. Shi ake danganta wa tsarin jera buhunan gyaɗa kamar dutse kafin jirgi ya kwashe su, abin da aka sani da dalar gyaɗa. A 1929, lokacin da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya.

Duk da wannan arziki, Alhassan bai yarda dukiya ta raba shi da addininsa ba. Ya ƙi karɓar kuɗin ruwa a kan abin da ya ajiye. Ya sauke farali a farkon shekarun 1920, ya bi ta Ingila a jirgin ruwa, a zamanin da mafi yawan alhazai da ƙafa suke bi ta Sudan su shekara da shekaru a hanya. Ya biya wa wasu kuɗin aikin hajji, ya yi masallaci a gidansa, ya kafa makarantar Alƙur'ani don 'ya'yansa da na maƙwabta. An san shi da sauƙin ci da sauƙin tufafi, da zama a kan lissafinsa da kansa.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kada su bari kasuwancin gidan ya wargaje. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a Sarari. A lokacin ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma.

'Ya'yan sun riƙe sunan. Alhaji Ahmadu ya shugabanci kamfanin gidan har rasuwarsa a 1960. Alhaji Mamuda ya kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda daga sunanta ne aka sami Wapa da ke Fagge. Alhaji Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya shahara da kasuwanci da hidimar malaman Ƙadiriyya, kuma 'yarsa Hajiya Mariya ita ce mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote. Alhaji Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya yi kwamishina a Jihar Kano, ya gina cibiyar wankin ƙoda mai sunan mahaifinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya rasu a watan Yuni 2025, aka binne shi a Madina.

To, 'yan'uwa, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, raƙuman nan ashirin da azurfar da suka ɗauko sun zama labari. Sunan Tata kuwa yana nan a bakin mutane fiye da shekara ɗari bayan ta karɓi marayun nan. Ba ta san abin da yaron zai zama ba sa'ad da take ciyar da shi tana tura shi makaranta. Mai hali da maras hali duka suna da abin dubawa a nan, domin alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya gafarta wa magabatanmu baki ɗaya. Amin.